Ranar da Aka Auna Bawalin Mode

Mode dillalin shanu ne a karar Zuru, wato kasuwar dabbobi, dogo, siriri, mai ɗan gemu a ƙasan haɓa da baki wanda ba ya gajiya. In ya kama hannun mai saye da dama, ya kama na mai sayarwa da hagu, to ba zai saki ba sai an sallama. Fulanin Sakaba sun san shi, mahautan gari sun san shi, har yaran da ke korar shanu sun iya kwaikwayon yadda yake ɗaga gira in an yi masa tayin banza.

Wajen shekara goma bayan sojoji sun dawo daga Burma, sai wani abu ya fara shiga tsakaninsa da sana'arsa. Ana tsakiyar ciniki, magana ta ɗauki zafi, sai ka ga ya saki hannayen mutane ya ce, "Ina zuwa." Ya suri buta ya nufi bayan duwatsu. Can zai tsuguna, ya jira, ya yi nishi, da ƙyar abu ya zo siriri kamar zare, ya yanke, ya ɗiga, ya sake yankewa. In ya miƙe kuma sai ya ji mararsa da nauyi kamar bai yi komai ba. Kafin ya dawo, wani dillalin ya ƙulla cinikin har an ja sa an tafi.

Wannan bai dame shi ba kamar maganar alwala. Sai ya yi ta, ya shiga sahu, ya ji ɗigo, ya fita ya sake. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, wani Bafillace ya kawo masa saiwa mai ɗacin da ya sa shi hawaye. Matarsa Altine ta dafa masa duk abin da aka ce a dafa, ba ta taɓa tambayarsa na mene ne ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Wanda ya tone maganar shi ne amininsa Sila, tsohon saje, mutumin Dabai, Kirista, ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji, wanda har lokacin in zai zo gari sai ya goge tsohon takalminsa na soja. Abotarsu ta faro ne tun ranar da Sila ya zo sayen sa, Mode ya raɗa masa cewa wanda ya zaɓa yana tari. Tun daga nan kowace ranar kasuwa, in la'asar ta yi sanyi, sai su zauna gindin ɗorawa su buga dara.

Wata rana Mode ya tashi daga wasa karo na uku, ya daɗe, ya dawo. Sila ya dube shi sama da ƙasa.

"Mode, da na ɗauka zuwa kake ka yi tunanin yadda za ka cinye ni. Amma ka tafi ka dawo ka buga shirme. To, ba tunani kake zuwa yi ba. Fitsari ne ya tsare ka."

Mode ya waiga hagu da dama. "Saje, rage murya! Mi ya kawo wagga magana cikin mutane?"

"Wane mutane? Awaki ne a nan. A bariki in abu ya sami soja, likita ake kai shi, ba saiwa ba. Gobe za mu je wurin Philip."

Philip ɗan ƙanin Sila ne, shi ne malamin asibiti a ɗakin shan magani na gari. Mode ya san shi tun yana yawo ba wando. Ya ce shi kam ba zai kai tsiraicinsa gaban yaron da aka haifa a idonsa ba. Sila ya ce yaron nan yanzu yana da 'ya'ya huɗu. Suka yi ta ja har aka kira magariba, Mode ya tashi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da safe kuwa ko kunu bai gama sha ba ya ji sallamar Sila a zaure, da muryar nan tasa ta fareti. Altine ta miƙo masa hula.

Philip ya tarbe su da ladabi, ya durƙusa ya gai da su, ya sa su a benci a bayan ɗakin, inda babu masu jiran magani. Ya saurari bayani, wanda rabinsa Sila ne ya yi, Mode yana kallon ƙasa. Sannan ya shiga ya fito da abu uku: wata doguwar kwalba mai layi-layi a jiki, da mazurari na kwano, da agogon aljihu mai ƙaramin hannu da ke gudu.

"Baba Mode," in ji shi, "ba sai na ga komai ba. Ga zana can, za ka shiga kai kaɗai. Ka yi bawali cikin mazurarin nan. Ni ina waje da agogo, ƙarar kawai nake saurare. In ta fara in duba, in ta ƙare in duba. Sai mu ga yawan abin da ya fito da tsawon lokacin da ya ɗauka. Likitan da ke zuwa mana rangadi shi ya koya mini. Da haka ake gane ko hanya a buɗe take ko wani abu ya tare ta."

Mode ya dubi kwalba, ya dubi agogo. "Yau ni Mode, da nake auna sa da ido, ni za a auna wa fitsari da agogo? A'a. Ba ni ƙwaya in tafi."

"Ƙwaya ba ta buɗe hanya, Baba."

Sila ya buga cinya ya miƙe. "Kai, wannan tsoro ya yi yawa! Philip, kawo ruwa. Ni zan fara, ya ga yadda maza ke yi."

Aka kawo tulu da moɗa. Dattawa biyu suka zauna suna ɗirkar ruwa kamar masu gasa, suna jiran ya sauka. Sila ya cika wurin da labarin ruwan saman Burma, wanda ya ce sai ya yi wata yana zuba bai ɗauke ba. Can ya ce ya shirya. Ya karɓi kwalba da mazurari, ya shiga bayan zana yana taku kamar za a ba shi lambar girma.

Philip ya riƙe agogo. Shiru. Kaza ta zo ta wuce da 'ya'yanta. Shiru. Sila ya yi gyaran murya. Can sai aka ji ƙyas, ƙyas a jikin kwano, sannan wani ɗan siririn sauti, ya yanke, aka yi nishi, ya sake zuwa, ya sake yankewa.

Mode ya ɗaga kai a hankali. Wannan sauti ya san shi sarai, nasa ne. Dariya ta taso masa har maƙogwaro, ya danne ta da gefen riga. Sai kuma ya tuna Sila bai taɓa tashi daga dara ba ko sau ɗaya. Ashe daurewa yake yi, yana zaune da marar da ta cika, don kada a ce Saje ya gaza.

Hannun agogo ya zagaya, ya sake zagayawa, kafin Sila ya fito yana zufa. Ya miƙa kwalba ba tare da ya dubi kowa ba.

"Mazurarin nan naka bakinsa ya yi ƙanƙanta," in ji shi. "Kuma wurin akwai tururuwa."

"To, Baba," in ji Philip. Ya duba layi, ya wanke kwalba, ya miƙa wa Mode.

Yanzu kam Mode ba shi da bakin ƙi. Ya shiga ya tsuguna. Amma da ya tuna mutum biyu na waje sun kasa kunne, sai komai ya ɗauke cak. Ya yi addu'a, ya rufe ido, ya tuna kogi, babu labari.

"Ya ƙi zuwa," ya faɗa da ƙaramar murya.

Sai ya ji wani fito daga waje, a hankali, mai tsawo, yana hawa yana sauka. Sila ne.

"Saje, mi kake yi haka?"

"Haka muke yi wa alfadarai a Burma in sun ƙi yi. Yi shiru ka saurara."

"Ni ne alfadarin?"

Dariya ta ƙwace wa Mode, kuma cikin dariyar abu ya zo. Ba wani abin kirki ba ne, zaren nan ne dai da ya saba, amma ya zo, Philip kuma ya samu abin da yake nema.

Da suka zauna, Philip ya ɗaga kwalba ya sa yatsa a wani layi can sama. Ya ce mai lafiya yakan kawo nan kafin hannun agogo ya yi rabin zagaye. Ya sauke yatsa ƙasa sosai, ya ce nan Baba Mode ya tsaya, bayan hannu ya zagaya har ya wuce. Ya ƙara saukewa kaɗan, bai ambaci suna ba. Sannan ya roƙi kowannensu ya kwanta ya danna masa mara. Ta Mode da saura a ciki. Ta Sila kuwa tana nan tim kamar an kifa ƙwarya.

"Ku biyun hanya ta toshe," in ji Philip. "Mafitsara tana turowa, ƙofa ta ƙi. In aka bari, wata rana za ta rufe gaba ɗaya, kuma ƙoda ma tana iya taɓuwa. Ni nan ba ni da kayan aikin. Sai babban asibiti, can hanyar Kwantagora. Kuma Baba Saje, naka ya fi gaggawa."

Sila ya miƙe ya gyara wando. Ya ce shi rakiya ya zo, ba jinya ba. Ya ce dawarsa ta isa yanka, kuma mutumin da harsashi bai kayar ba kwalba ba za ta kayar da shi ba. Philip ya yi masa magana da Dakarci, yarensu, a hankali, ya ƙi saurare.

Mode ya shafa gemu. Shekara da shekaru yana sa mutane su yarda da abin da suka rantse ba za su yarda ba, ya san ba a tunkarar mai taurin kai ta gaba.

"Shi ke nan," in ji shi. "Ni ma ba ni zuwa."

"Kai kuma don me?"

"Saje, ni ban taɓa shiga babban asibiti ba. Ba ni jin Turanci. In suka ce kwanta in tashi, suka ce tashi in kwanta fa? Wa zai tsaya mini? Gara in mutu a ɗakina."

Sila ya dube shi da tausayi irin na babba ga ƙarami. "Wannan ne kawai? Ni zan kai ka. Amma ka sani, rakiya ce."

"Rakiya ce," in ji Mode. Philip ya juya baya yana goge mazurarin da ya riga ya bushe.

Suka tashi ranar da motar Muntaka ke zuwa Kwantagora da buhunan dawa. Muntaka direba ne mai son hira, ya ba dattawan wuri mai kyau a saman kaya, bayan kan mota. Abin da Mode bai sani ba, kafin Sila ya baro Dabai abokansa sun yi masa sallama da ƙwaryar burkutu, ya kuma karɓa, duk da faɗan da matarsa Talatu ke yi a kan haka.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Sila yana nuna duwatsu yana faɗin sunayensu, Mode yana ƙiyasta shanun da suke wucewa. Ba su yi nisa ba Sila ya buga kan mota ya ce a tsaya. Ya sauka, ya daɗe a bayan wata bishiyar kalgo, ya dawo. An ɗan taɓa tafiya ya sake bugawa. A karo na uku da ya dawo, fuskarsa ta yi toka, zufa na zuba, hawa motar ma sai da aka ja shi.

"Mode," ya ce da raɗa, "ko ɗigo. Ta rufe."

Daga nan duk ramin da mota ta faɗa sai Sila ya yi ƙara. Mode ya cire rawaninsa ya naɗe ya tallafa masa baya, ya ɗora kansa a cinyarsa, ya leƙa ya daka wa Muntaka tsawa ya yi sauri, sannan ya sake daka masa tsawa ya bi a hankali. Yana yi wa Sila addu'a irin tasa, Sila yana amsawa da irin tasa. Nasa ciwon ma ya manta da shi.

Da suka isa asibiti, mutumin da ya ce ba ya jin Turanci shi ya diro daga mota ya shiga yana kiran likita da Hausa, da ƙarfin da ya sa ma'aikata biyu suka fito da gudu da gadon ɗaukar marar lafiya. Aka shiga da Sila. Likita ya taɓa mararsa sau ɗaya, ya sa aka kawo wata siririyar roba, aka zura. Mode yana tsaye bakin ƙofa ya ji ruwa na zuba cikin tasa, yana zuba, yana zuba, kamar ba zai ƙare ba. Sila ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na bin kuncinsa, ya yi godiya da Dakarci, ya yi da Hausa, ya ƙare da Turancin bariki.

Washegari likita ya duba su duka, wani ma'aikaci yana fassara. Na Sila, in ji shi, wani ƙullutu ne da ke bakin mafitsara, wanda kan kumbura in namiji ya manyanta, sai an yi aiki an cire. Na Mode kuwa hanyar ce ta tsuke, za a buɗa ta da sandunan ƙarfe, daga siriri zuwa mai kauri. Mode ya ga sandunan a jere a kan tire suna ƙyalli, ya tambaya ko babu na roba irin na Saje. Aka ce babu. Abin da ya faɗa lokacin da ake yi masa, da Fillanci ya faɗe shi, yaren da bai san ya iya haka ba, kuma ma'aikacin bai fassara ba.

Bayan kwana biyu, da zafi ya lafa, aka kawo masa kwalba da mazurari irin na Philip. Ya shiga bayan labule yana fargaba. Sai ga ƙara kamar ruwan sama a rufin kwano. Shi kansa ya tsorata. Kafin ya gama mamaki har an gama, mararsa ta yi sakayau kamar ta yaro. Daga gadonsa Sila ya ɗaga murya, duk ɗakin na ji: "Wannan na waye? A ba shi muƙamin saje!"

Ran nan Mode ya yi alwala guda, ya yi azahar da ita, ya zauna a inuwa yana jan carbi har la'asar ta same shi da ita. Da ya sallame sai ya daɗe zaune bai tashi ba.

An ce ya tafi gida, ya riƙa dawowa lokaci-lokaci a sake buɗawa. Ya ce ba inda za shi sai an yi wa Saje aiki. Aka yi, aka dace. Mode ne ya zauna gefensa yana kore masa ƙuda, yana ba shi kunu a cokali, yana shan faɗa in kunun ya yi zafi. Ana haka Talatu ta iso da ƙullin kaya a kai. Ta tsaya kan mijinta ta yi masa magana mai tsawo da Dakarci. Mode bai ji ko kalma ba, amma ya ga Saje yana kallon rufi kamar ƙaramin soja gaban hafsa. Sannan ta juyo ta durƙusa.

"Malam Mode, sannu da ɗawainiya. Damina biyu ina cewa ya je wurin Philip, ya ce lafiyarsa lau. Kai ka tafi gida haka nan, Altine tana can hankalinta ba kwance ba."

Mode ya sami wata mota mai zuwa Mahuta wadda za ta bi ta Zuru, ya hau saman buhunan gishiri. Iska na kaɗawa, cikinsa ba nauyi, ba abin da ke tsikararsa. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, ya ja rawani ya rufe fuska. Barcin da ya yi shekaru bai samu ba ya zo ya ɗauke shi gaba ɗaya. Mota ta tsaya a Zuru, aka sauke kaya, aka ɗora kaya, yaron mota ya manta da shi. Ta wuce Dabai. Bai farka ba sai da ya ji ana sauke buhun da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya tambaya ina ne nan, aka ce Mahuta.

Ya kwana gidan wani mahauci da suka saba, da safe ya biyo wata motar ya dawo. Tun daga bakin unguwa ya ga mutane na kallonsa suna ja da baya. Ashe wata mai tallan fura ta hango shi jiya a tasha, miƙe a saman kaya, an rufe masa fuska, ba ya motsi, ta kai labari gida. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gidansa, dattawa zaune jugum, ana shawarar wa za a tura ya bi motar ya karɓo shi.

"Salamu alaikum," in ji Mode. "Wa ya rasu?"

Liman ne ya fara dariya, sannan sauran. Altine ta leƙo daga zaure da jajayen idanu, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta koma ciki. Jim kaɗan aka ji ta tana faɗa wa maƙwabta su mayar da manyan tukwanen da aka aro, amma a bar tuwon da aka riga aka tuƙa. Mode ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa don makokinsa, ya wanke hannu, ya ci ya ƙoshi tare da masu ta'aziyya.